Wadata ce ke rage laifi, ko kuwa yadda ake riƙon mai laifi?

Malamin Firamare, Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana da dattawan wannan zaure a kan wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma abin da ya tayar da ita wani al'amari ne da ya faru a layinmu. Akwai ɗan maƙwabcina da na koyar a aji biyar, wanda aka kama shekara uku da suka wuce bisa zargin fizge wayar wata mata a bakin kasuwa. Yaron ya shafe wata 14 a tsare yana jiran shari'a, kuma ranar da alƙali ya yanke hukunci sai aka tarar zaman da ya yi ya wuce ɗaurin da aka ba shi, aka sallame shi nan take. Da ya dawo, mai gyaran babur ɗin da yake koya masa aiki ya ce ba zai ajiye tsohon fursuna a shagonsa ba, domin masu kawo gyara za su gudu. Yau yaron nan yana bin kauraye da wuƙa a ƙugu, alhali kafin a kama shi ko sigari ba ya sha.

Ana cikin haka na ci karo da labarin gidan yarin Halden na ƙasar Nowe, inda kowane fursuna yake da ɗakinsa shi kaɗai, da banɗaki da talabijin da ƙaramin firji, tagarsa kuma babu ƙarafa. Na kuma karanta cewa Holan ta rufe gidajen yari da dama saboda babu waɗanda za a saka a ciki. Amma Amurka, wadda ta fi kowace ƙasa girman tattalin arziki, tana tsare da mutane kusan miliyan 2. Duka ƙasashen uku masu hali ne, to me ya raba su? Wadata ce ke rage laifi har hukuma ta sami sararin yin sassauci, ko kuwa sassaucin ne da kansa ke gyara mai laifi? Kuma akwai abin da mu a Katsina za mu iya ɗauka, ko duk wannan sha'anin mai ƙoshi ne?

Mai Nazarin Zamantakewa, Batagarawa:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da wani zato da yawancinmu muke da shi, cewa da zarar ciki ya ƙoshi hannu zai daina ɗauka. Tarihin ƙasashen Yamma bai gaskata wannan ba. Daga wajajen 1960 zuwa farkon shekarun 1990, lokacin da albashi ke hawa gidaje ke cika da kaya, sata da fashi sun yi ta ƙaruwa a Amurka da Ingila da yawancin Turai ta Yamma. Wasu masana biyu 'yan Amurka, Lawrence Cohen da Marcus Felson, sun kawo bayani a 1979 wanda har yau ake koyarwa a jami'o'i. Sun ce laifi yana aukuwa ne idan abu uku suka haɗu: mai niyya, da abin ɗauka, da rashin mai tsaro. Wadata ta ƙara na biyu da na uku a tare, domin an sami motoci da rediyo da talabijin masu sauƙin ɗauka da sayarwa, maigida da uwargida kuma duk sun fita aiki sun bar gida babu kowa. Mu ma mun ga irinsa da idonmu. Kafin zuwan wayar salula a 2001 babu ƙwacen waya a Katsina, kuma ba don yaran lokacin sun fi na yanzu tsoron Allah ba ne, wayar ce babu a hannun kowa.

Daga baya al'amarin ya juya. A birnin Niyu Yok an kashe mutum 2,245 a 1990, amma a 2017 adadin bai kai 300 ba. A Ingila laifuka sun kai ƙololuwa a 1995, sannan suka yi ta sauka shekara da shekaru. Satar mota ta faɗi ƙwarai bayan da Tarayyar Turai ta wajabta, daga 1998, a saka wa sababbin motoci na'urar da ke hana inji tashi sai da makullinsa na asali. Sai dai kada mu ce ɓarawo ya tuba, wuri ya sake. A yau damfara ce laifin da ya fi yawa a Ingila, kuma mafi yawanta ta waya da intanet ake yi, mai yin ta kuwa yana iya kasancewa a wata nahiyar.

'Yan siyasar Amurka sun so su ce tsauri ne ya kawo wannan sauƙin. A 1994 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ce wanda ya aikata babban laifi karo na uku zai sha ɗaurin shekara 25 zuwa rai da rai, kuma zuwa 2008 waɗanda ke tsare a ƙasar sun kai kusan miliyan 2.3. Matsalar wannan hujja ita ce Kanada, maƙwabciyarsu, ta ga raguwar laifi a daidai waɗannan shekarun ba tare da ta cika gidajen yarinta haka ba. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Finlan. A wajajen 1950 fursunoninta, idan aka auna da yawan jama'a, sun ninka na maƙwabtanta Nowe da Suwidin sau uku ko fiye. Da gangan ta yi ta gajarta ɗauri tana maye gurbinsa da tara da ɗaurin talala har ta sauko daidai da su, kuma a tsawon wannan lokaci laifukanta sun hau sun sauka tare da na maƙwabtan, kamar ba ta canza komai ba. Ita kuwa Holan, ɗakunan da suka rage mata har haya ta ba da su: Beljiyam ta kama gidan yarin Tilburg daga 2010, ita Nowe ɗin ma ta aika fursunoninta wani gidan yarin Holan daga 2015 zuwa 2018.

Akwai wuri ɗaya da nake so a yi hattara. Za ka ji ana cewa a Nowe kashi 20 cikin 100 ne kawai ke sake laifi, a Amurka kuwa kashi 68. Mudun awon ba ɗaya ba ne. Na Nowe yana ƙirga wanda kotu ta sake yanke wa hukunci cikin shekara biyu, na Amurka kuma, wanda ya bi sawun waɗanda aka saki a jihohi 30 a 2005, yana ƙirga duk wanda aka sake kamawa cikin shekara uku, ko an same shi da laifi ko ba a same shi ba. Ga shi kuma Nowe tana ɗaure mutane na 'yan makonni saboda tuƙi cikin maye, irin waɗanda da ma ba kasafai suke komawa ba. Tazarar gaskiya ce, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Tsohon Gandiroba, Daura:

Malam, na gode da ka kawo wannan magana, domin na yi shekara 31 ina riƙe da makulli kafin in yi ritaya, kuma labarin yaron layinku na gan shi ya fi a ƙirga. Shi ɗan'uwana na jami'a ya yi bayani na littafi, ni kuma zan faɗi abin da na gani a bakin ƙofa.

Da farko a ajiye maganar firji da talabijin, ba nan gizo ke saƙa ba. Jama'ar Nowe duka wajen miliyan biyar da rabi ne, alhali ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina kaɗai mutum miliyan 5.8, kuma su suna da asusun kuɗin mai da babu kamarsa a duniya. Fursunoninsu kusan 3,000 ne, namu a Najeriya sun kai wajen 80,000. Wanda ya ce mu gina irin Halden bai san kuɗin gabza ba. Abin da ya kamata a duba shi ne ma'aikaci. A can gandiroba yana yin karatun shekara biyu kafin a ba shi aiki, yana zama ya ci abinci da fursunoni, ya san sunan kowa da damuwarsa. Malaman da ke koyarwa a ciki da likitocin da ke dubawa ma'aikatan gari ne da ke shigowa, don idan mutum ya fita ya ci gaba da hulɗa da hukumomin da ya riga ya sani. A gidan yarinsu na tsibirin Bastoy fursunoni ne ke noma, su ke kiwon tumaki da shanu. Wannan na ƙarshen ba baƙonmu ba ne, muna da gonakin gidan yari, muna da buɗaɗɗen sansani a Kakuri ta Kaduna.

Abin da ya karya mu shi ne jiran shari'a. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba. Mai jiran shari'a ba a saka shi a wurin koyon kafinta ko ɗinki, domin a takarda baƙo ne, gobe yana iya tafiya, sai goben nan ta zama shekara biyu. A wani gidan da na yi aiki, ɗakin da aka gina don mutum 20 mun kwantar da fiye da 60, ana kwana gefe ɗaya, idan za a juya sai shugaban ɗaki ya ba da umarni a juya tare. Ka ɗauko yaro mai shekara 19 da ya fizgi waya, ka kwantar da shi ƙirji da baya da wanda ya yi shekara 15 yana fashi, dare da rana babu aikin yi sai hira. Wa kake zaton zai zama malaminsa? Na sha ganin yaro ya shigo yana kuka yana kiran uwarsa, bayan wata shida ya iya buɗe kwaɗo da ƙusa.

Sannan ranar fita. Mukan buɗe ƙaramar ƙofa da hantsi, mu miƙa wa mutum kayan da ya shigo da su a leda, wani lokaci rigar ta yi masa yawa saboda rama. Yakan tsaya a bakin titi yana waige-waige, babu kuɗin mota, babu wanda ya zo tarbarsa. Waɗanda ke zuwa tarba ba tare da gajiya ba su ne tsofaffin abokan ɗaki.

Doka kuwa muna da ita. A 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumarmu ta gyaran hali, ta tanadi hukuncin da ba na tsarewa ba, kamar aikin gayya ga al'umma da ɗaurin talala, har ta ba shugaban hukumar na jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika. A 2023 aka gyara tsarin mulki jihohi ma suka sami ikon kafa nasu gidajen. An canza allon bakin ƙofa, amma yaron da ya saci waya har yanzu ɗaki ɗaya ake kai shi.

Hajiya Mai Atamfa, Sabuwar Unguwa:

Baba, Allah ya ƙara girma, na ji bayaninku, amma ku yi mini haƙuri, duk cikinku babu wanda ya ambaci matar da aka fizge wa waya. Ni an fasa shagona sau biyu, karo na biyu an kwashe atamfofi da leshi na kuɗin adashen mutane, na yi shekara biyu ina biya. Ba a kama kowa ba, babu kuma wanda ya zo ya tambaye ni yadda na kwana. Idan ana maganar gyaran mai laifi, wa zai gyara wanda aka zalunta?

Kuma ba duk masu arziki ne ke lallashi ba. Singafo tana bulala, tana rataye masu safarar miyagun ƙwayoyi, har wani matashi Ba'amurke ta yi wa bulala huɗu a 1994 duk da roƙon shugaban ƙasarsu, kuma mace tana tafiya a titinta da tsakar dare. Japan ma tana da hukuncin kisa, kisan kai kuma ƙalilan ne a can. Ita Nowe da ake yabo, mutumin da ya kashe rai 77 a ranar 22 ga Yuli 2011, yawancinsu matasa, shekara 21 aka yanke masa, har ya sami bakin kai gwamnati ƙara wai an tauye masa haƙƙi. Ku je Jibiya ko Batsari ko Faskari ku faɗa wa wadda 'yan bindiga suka kashe wa miji cewa za a koya wa wanda ya kashe shi kiwon tumaki, ku ji amsar da za ta ba ku.

Mai Nazarin Zamantakewa, Batagarawa:

Hajiya, maganarki tana kan hanya, kuma ba zan kare Nowe a inda ba ta da kariya ba. Gyara ɗaya kawai: shekara 21 ɗin da aka yanke wa Anders Breivik irin tsarewar nan ce da kotu ke iya ƙarawa shekara biyar-biyar muddin ana ganin mutum haɗari ne, kuma da ya nemi a sake shi a 2022 an ƙi. Suwidin ma, da aka daɗe ana buga misali da ita, ta shiga rikicin gungun matasa masu bindiga, a 2022 kaɗai harbi ya kashe fiye da mutum 60, yanzu tana tsananta dokokinta. Batun 'yan bindigar dajinmu kuwa yaƙi ne, ba a haɗa shi da ɓarawon waya.

Amma ki duba abin da kika faɗa da bakinki: sau biyu aka fasa shagon, ba a kama kowa ba. Da a ce dokar Katsina ta tanadi ɗaurin shekara 50 ga mai fasa shago, da ba ta taɓa waɗannan ɓarayin ba. Abin da Singafo da Japan da Nowe suka yi tarayya a kai, duk da bambancin hukuncinsu, shi ne mai laifi yana sa ran za a kama shi, shari'arsa kuma ba za ta kwana shekaru ba. Binciken masana ya daɗe yana nuna cewa tabbacin kamu ya fi tsananin hukunci hana laifi, domin matashin da ke shirin fizge waya ba ya lissafin shekaru, lissafinsa ko zai tsira. Kuma ita Singafo mai bulala, tun 2004 take da shiri na musamman na roƙon masu kamfanoni su ɗauki tsofaffin fursunoni aiki. Japan tana da 'yan sa-kai fiye da 40,000, yawancinsu dattawan unguwa, waɗanda ake damƙa wa wanda aka saki, su riƙa kiransa gida suna shan shayi suna bin halinsa. Duk da haka tana fama da tsofaffin da ke satar abinci a kanti, wasu don kaɗaici da ƙuncin fansho, har gidajen yarinta suna zama kamar gidan kula da gajiyayyu. Wadata ma tana da irin laifin da take haifarwa.

Game da haƙƙinki, a nan ba mu da abin aro, namu ya fi nasu tsufa. Shari'ar Musulunci ta sa wanda aka zalunta a tsakiyar magana, ta ba iyalan mamaci zaɓin ƙisasi ko diyya ko afuwa, kuma Sayyidina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa saboda ya dubi abin da ya tura mutum. Da alƙali zai sa ɓarawon atamfa ya yi aiki ya biya ki kuɗinki a hankali ƙarƙashin idon mai unguwa, da ke kin amfana, alhali zamansa a ɗaki yana cin gabzar gwamnati bai mayar miki da ko yadi ɗaya ba. Tarar ma ana iya daidaita ta. Tun 1921 Finlan ke auna tara da abin da mutum ke samu a yini, shi ya sa a 2002 aka ci wani babban jami'in kamfanin Nokia tarar yuro 116,000 saboda gudu da babur, ko da yake kotu ta rage daga baya. A wurinmu tarar naira 20,000 ɗan mai kuɗi zai biya daga aljihu ya shiga mota, ɗan talaka kuma ya tafi ɗaki saboda ita.

Tsohon Gandiroba, Daura:

Ina ƙara abu ɗaya a kan dattawan Japan da aka ambata. Mu ma iyaye suna neman wanda zai riƙe musu yaron da ya gagara, kuma da suka rasa sai suka koma gidajen mari. Kowa ya tuna abin da 'yan sanda suka tarar a watan Oktoba na 2019 a nan Daura da cikin Katsina, mutane a cikin sarƙa da tabon duka a jiki. An rufe gidajen, kuma daidai ne, amma ba a buɗe wani abu a madadinsu ba. Gidajen horon matasa na tarayya da muka yi aiki da su uku ne, Kaduna da Ilori da Abeokuta.

Malam, shawarata gare ka kada ka jira gwamnati. Ka ɗauki mai unguwa da liman ku je wurin mai gyaran babur ɗin nan ku uku, kai ka ce ka tsaya wa yaron. A abin da na gani, mai sana'a ba ƙin yaron yake yi ba, tsoron asara yake, da tsoron bakin mutane. Ku yi sauri kuma, domin idan aka sake kama shi, wannan karon da wuƙa za a kama shi.

Malamin Firamare, Ƙofar Marusa, Katsina:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Hajiya, Allah ya mayar miki da abin da kika rasa, kuma kin tuna mini cewa ban taɓa tambayar ko an mayar wa matar nan wayarta ba, zan bincika wurin uban yaron. Baba, na yi magana da mai unguwarmu bayan sallar isha'i, ya yarda mu je ranar Asabar, liman kuma ya ce sai ya fara ganin yaron shi kaɗai tukuna. Abin da nake so ku ƙara mini haske a kai shi ne, idan mai shagon ya nemi in ɗauki nauyin duk kayan aikin da ya ɓace, rubutacciyar yarjejeniya ya kamata mu yi a gaban mai unguwa, ko shaidu biyu sun wadatar? Albashin malamin firamare ne, ina so in san iyakar abin da nake sa hannu a kai.